Maleji a Nikanikan Alhaji Gafaru

"Alhaji, don Allah in tambaye ka. Injin nan naka gudu yake yi, ko rarrafe?"

Barikisu tana can ƙarshen layi da kwanon jiƙaƙƙiyar masara a ka, ta ji Mma Zenabu mai koko ta jefo wannan tambaya. Alhaji Gafaru, mai injin niƙan da duk unguwar Maamobi ke kira nikanika, ya ɗago daga kan bencinsa kamar an watsa masa ruwan zafi.

"Gudu mana! Ba ki jin ƙararsa?"

"Ƙara? Jaki ma yana da ƙara. Na unguwar Kawukudi, kafin a gama gaisuwa an gama niƙa. Nan kuwa sai gero ya tsiro a kwano."

"Wa ya auna na Kawukudin?"

"Kai wa ya auna naka?"

Mata suka kwashe da dariya. Barikisu ta rufe baki da gefen mayafi, don ba ta cika shekara da aure ba, kuma ba ta saba buɗe haƙora a gaban manya ba. Da ta koma gida sai ta ba maigidanta Mutala labarin, wai don ya yi dariya shi ma. Bai yi ba. Ya tsaya da lomar tuwo a hannu, idanunsa suka ƙanƙance, kuma Barikisu ta san wannan kallon.

Mutala dai yana cikin waɗanda suka dawo daga Legas shekarar da aka koro mutanen Gana. Wasu sun dawo da rediyo, wasu da katifa. Shi da sifana ɗaya ya dawo, da shuɗiyar rigar aiki, da sunan Injiniya, wanda babu wanda ya san wa ya raɗa masa. Tun daga nan ba a buɗe wata magana a Zango bai sa Agegen Legas a ciki ba. Shi ne ya gyara fankar masallacin layinsu, ta koma hura wa silin iska, jama'a na zufa a ƙasa. Shi ne ya gyara rediyon mai shayi, ta daina kama kowace tasha sai ta Togo. Ko a jikinsa, an tsikari kakkausa. In an yi masa magana sai ya ce kayan Gana ne ba su saba da hannun ƙwararru ba.

"Wa ya auna," ya maimaita a hankali. "Barikisu, kin san abin da kika kawo mini a gidan nan? Arziki."

Washegari da la'asar ya dawo daga Abossey Okai, kasuwar kayan mota, da wani abu ƙunshe a jarida. Maleji ne, abin nuna gudun mota, na wata tasi da ta yi hatsari, da doguwar wayarsa tana reto kamar wutsiyar ɓera. Ya share tabarma, ya kwance bayan malejin da wuƙar yankan albasarta, ya ce ta matso ta sha ilimi.

"Kin ga wayar nan? A cikinta akwai wata siririya, ita ke juyawa. In ta juya sai ta juya wannan. Mayen ƙarfe ne." Kafin ya rufe baki allurai biyu na ɗinkinta suka yi tsalle daga tabarma suka manne. Ya ciccire su yana tsaki. "To wannan ɗan kofin da ya kife a kansa, dubi, ba sa taɓa juna ko kaɗan. Amma in mayen ya juya sai ya ja kofin, kamar yadda mai ganga ke jan 'yan rawa ba tare da ya kama hannun kowa ba. Allurar malejin kuma a jikin kofin take. Wannan ɗan ƙarfe mai kama da gashi shi ke jan ta baya kullum, kamar suruka. Mai ganga ya ƙara wuta, allura ta tashi. Ya sassauta, suruka ta maido ta gida. Kin gane?"

Abin mamaki, ta gane. Wani lokaci Mutala yakan faɗi gaskiya, sai dai ba ya daɗewa a wurin.

Ya waiga yana neman abin gwaji, idonsa ya sauka kan keken ɗinkinta. Keken hannu ne, baƙi mai zanen zinariya, wanda gwaggonta ta ɗauko tun daga Salaga ta sa mata a kayan aure. Da shi take ɗinka wa yaran layi kayan makaranta, da shi take sayen gishiri ranar da injiniyanci bai kawo komai ba. Mutala ya yanko robar tsohuwar tayar keke, ya ɗaure bakin wayar a tsakiyar ƙafar keken, wilin nan da ake juyawa da hannu, ya ce ta juya. Ta juya. Allurar ta yi rawa, ta miƙe, ta hau.

"Allahu Akbar! Mil ashirin! Barikisu, a zaune kike amma kin wuce unguwar Alajo!"

Ya fita da gudu kiran maƙwabta. Da ta ga ba kowa, sai ta sake juyawa don kanta. Allura ta tashi. Sai ta juya baya, irin yadda take yi in zare ya harɗe. Allurar ta kwanta a kan wani ɗan ƙusa da ke gindin sifiri, tana karkarwa, tana danna shi kamar mai son wucewa an tare ta. Ta ƙara sauri, allurar ta ƙara dannawa, ba ta tashi ba. Gaba, ta tashi. Baya, ta kwanta. Abin ya ba ta dariya, ta ce a ranta ashe ita ma allurar tana da hannun da take so a bi da ita.

Mutala ya dawo da mutum huɗu, aka sake gwadawa, aka yi ta salati. Da suka watse sai ya dafa keken, ya shafa shi kamar mai taya rago.

"Da zarar na Alhaji ya yi aiki, kowane nikanika daga Nima har Sabon Zongo sai ya nemi nasa. Keken nan zan sayar, in kwashe duk malejin da ke Abossey Okai kafin wani ya farga. In arziki ya zo in saya miki mai lantarki."

Barikisu ta jawo keken kusa da ita. Ta san arzikin Mutala: kullum yana hanya, motarsa ce ba ta isowa. Tuwon daren ranar ko taɓa shi ba ta yi ba.

Alhaji Gafaru bai yi wuyar shawo kai ba, don maganar Mma Zenabu ta riga ta zaga unguwa, har wasu mata sun fara ɗaukar kwanukansu zuwa Kawukudi. Mutala ya ce masa, "Alhaji, ranar da aka ga gudun injinka a rubuce, baƙi a kan fari, mai Kawukudi da kansa zai kawo niƙa nan."

Gwajin farko da roba ya yi shi, kamar na gida. Moro, mai kula da injin, ya tayar da shi. Ko numfashi uku ba a yi ba robar ta tsinke, wayar ta ƙwace tana bulala a iska, ta cafko mayafin Mma Zenabu, ta naɗe shi tsaf a jikin ƙarfe. Mma Zenabu ta tsaya da kai ba lulluɓi, hannu biyu a ƙugu.

"Ei! Injiniya! Gudun inji aka ce ka auna, ko tsawon mayafina?"

"Mma, ai wannan alama ce mai kyau. Ya nuna akwai ƙarfi."

"Akwai ƙarfi a tafin hannuna ma. Ka matso in auna maka."

Ta juya wajen Barikisu. Hausar Mma Zenabu irin ta Zango ce, ba ta raba mace da namiji. "Amariya, kai ma ka yi haƙuri. Allah ya ba ka lada, mijinka jarrabawa ne."

Mutala ya ce laifin roba ne, robar Gana. Ya kira mai walda, aka liƙa wani ɗan bututu a bakin sandar da ke ɗauke da ƙatuwar ƙafar injin, yadda waya za ta zauna daram. Sandar tana da baki biyu, ɗaya wajen bango, ɗaya wajen ƙofa. Mutala ya zaɓi na ƙofa, don a cewarsa aikin da ba a gani ba asara ne. Ya kafa malejin a jikin allo, ya sa aka rubuta da jan fenti: MUTALA INJINIYA, AGEGE DA KEWAYE.

Barikisu kuwa kullum tana layin nikanika, kuma mai jiran layi ba ta da abin kallo sai ƙafar injin. Ta san cewa in ka tsaya a ƙofa, dama take juyawa. Ƙafar kekenta, ta gefen da aka ɗaura wayar, hagu take yi. Ta kuma tuna ranar da murfin kwanonta ya gangara bayan injin ta zagaya ɗauka: daga wajen bango, ƙafar nan hagu take yi, sak irin ta kekenta.

Ranar Asabar da aka sa don babban gwaji, da safe, yana gyara zaman baƙin tabarau a gaban madubi, ta tsaya a bayansa tana murza gefen zane.

"Maigida... ƙafar injin nan, na ga kamar..."

"Barikisu." Bai ko juyo ba. "Na taɓa shiga madafa na koya miki dama koko?"

"A'a."

"To."

Ta duba keken da ke kan tebur, ta haɗiye sauran maganar. Ba ta yi mata wuyar haɗiya ba kamar yadda ta zata.

Kafin hantsi ƙofar nikanika ta cika. Ga mata da kwanuka, ga 'yan dako, ga yaran trotro da suka baro motocinsu na haya a tasha, ga mai shayi da ya rufe teburinsa ya zo musamman, don yana da tsohuwar magana da Injiniya. Alhaji Gafaru ya sha farar babbar riga mai sitaci, ya sa an fito masa da kujera. Mma Zenabu ta zo da ƙaton bahon gero jiƙaƙƙe, an zuba masa citta da kanumfari da barkono, don gobe sunan jikanta, ita za ta shayar da unguwa koko. Ta ce da nata za a fara, don ita ta yi tambayar, ita za a ba amsa.

Mutala ya hau kan wani tsohon bulo ya yi jawabi. Ya ce a Agege ko injin markaɗen tumatir yana da maleji. Ya ce daga yau an daina auna gudu da baki. Sannan ya ɗaga hannu kamar mai sallamar jirgi.

"Moro! Ba shi wuta!"

Injin ya yi tari, ya kama. Tuf, tuf, tuf, tuf. Bel ya fara zagayawa, ƙullu ya fara zubowa a baho. Kai sama da hamsin suka miƙa wajen allo.

Allura tana kwance a kan sifiri.

Aka jira. Mutala ya ƙwanƙwasa gilashin da farce. Allura ta yi ɗan karkarwa, ta ƙara lafewa a jikin ƙusanta.

"Sifiri," in ji mai shayi, da muryar mai karanta sanarwar rasuwa.

Mma Zenabu ta tafa hannu. "Ban faɗa ba? Ashe ma na yi masa alheri da na ce rarrafe. A tsaye yake!"

Alhaji ya miƙe, gumi ya keto masa. "Injiniya, wane irin sifiri? Ga shi yana juyawa kowa na gani!"

"Alhaji, wannan juyin ganin ido ne. Ido yana ƙarya, na'ura ba ta yi. Abin da ta ce shi ne injinka bai kai gudun da za ta ɓata lokacinta a kansa ba. A Agege wannan barci muke ce masa. Moro, ƙara totur!"

Moro ya ƙara. Tuf-tuf ta koma tatatata. Kwanon rufi ya fara amsawa. Barikisu, daga inda take maƙale a jikin ƙofa, tana ganin allurar tana danna ƙusan nan da dukan ƙarfinta, kamar akuyar da ke tunkuɗar danga.

"Har yanzu sifiri, Massa Injiniya," in ji wani yaron trotro. "Ko mu sauka mu tura?"

"Chale, abokina, a sa masa dutse a baya kada ya gangara!" wani ya amsa.

Dariyar ta soki Mutala. Ya diro daga bulo, ya ture Moro, ya leƙa cikin injin. Akwai wani ƙarfe mai naɗaɗɗiyar waya wanda aikinsa ke nan, in gudu ya yi yawa ya rage mai. Mutala ya nuna shi da sifana.

"Ga munafukin! Ina ƙara wuta yana ragewa. Alhaji, shekara nawa wannan abu yana cin amanarka?"

Ya zaro waya daga aljihu ya ɗaure shi tam.

Abin da ya biyo baya, har yau in an tashi ba da labarinsa a Maamobi sai an fara da a'uzubillahi. Injin ya yi wata irin kururuwa da ba a taɓa ji ba. Baƙin hayaƙi ya turnuƙe ɗakin. Ƙasa ta ɗauki rawa, kwanukan da ke layi suka fara tafiya da kansu. Barikisu ta manta da kunya, ta manta da keke, ta ɗaga murya ta ce, "Maigida, ta baya ne! Ta baya!" Ko ita ba ta ji abin da ta faɗa ba.

Mutala yana manne da allo yana dukan gilashi da tafin hannu. "Tashi! Tashi, don ubanki!"

Ƙullu ya daina zuba a baho, ya koma feshi. Na farko ya sami Alhaji a ƙirji, farar riga ta koma kalar kunu. Na biyu ya rufe wa mai shayi fuska. Daga nan kuma ba a zaɓi kowa ba. Ga barkono, ga citta: masu atishawa na yi, masu salati na yi, wata mata tana kiran Yesu da yaren Twi, wani ɗan dako ya kifa kwanon wata a ka ya yi waje. Sai bel ya tsinke. Ya tashi sama kamar maciji, ya dawo ya sauka a bayan Injiniya, tau!

Ba wanda ya taɓa sanin Mutala yana da gudu haka. Ya tsallake baho, ya tsallake kujerar Alhaji, ya bi ta tsakanin mata biyu ba tare da ya taɓa ko ɗaya ba, ya fita ƙofa. Tabarau ya riga ya shafe da ƙullu, don haka bai ga babbar kwatar da ke gaban shagon ba. Ita ta gan shi.

Moro ne ya rarrafa ya rufe mai. Injin ya yi tari biyu, ya saki wani dogon nishi, ya mutu. Wurin ya yi tsit, sai atishawa nan da can, da ƙullu da ke ɗiga daga rufi, ɗis, ɗis. A jikin allo gilashi ya tsage, allura tana nan kwance a kan sifiri abinta.

Mma Zenabu ta sa yatsa ta kwashe ƙullu daga ido ɗaya, sannan ɗayan. Ta dubi bahonta da ba komai a ciki. Ta dubi Alhaji.

"Alhaji, na janye maganata. Yana gudu."

Ta leƙa waje, inda yaran trotro ke jawo Mutala daga kwata da ƙafa ɗaya, takalmi ɗaya ya tafi Alajo da ruwa.

"Amma Injiniya ya fi shi."

A nan bakin kwata aka yanke hukunci, Alhaji na tsaye yana ɗiga. Har ranar da za a gyara injin, duk matar da ta kawo niƙa, Mutala ne zai ɗauki kwanonta a ka ya kai Kawukudi ya dawo da shi. Da sabon geron Mma Zenabu aka fara, a ranar, tana biye da shi tana faɗa wa duk wanda suka gamu da shi ko wane ne. Kafin su dawo, sunan Injiniya ya faɗi. Daga Maamobi har Nima, Sifiri ake kira.

Bayan magariba yana kwance rub da ciki a tabarma, Barikisu tana shafa masa man kaɗe a inda bel ya yi sa hannu. Ganin yadda ya lafe, ta fara tsammanin ko yau an dace ya ɗau darasi.

"Na gano," ya ce cikin matashi. "Malejin Japan ne, injin kuma na Ingila. Ba sa jin yaren juna."

"Haka ne, Maigida."

"A'a, ba haka ba ne. Ai kekenki ma ba na Japan ba ne, ga shi ya yi." Ya ɗago kai da ƙyar, ya dubi keken a kan tebur, irin kallon nan na ranar farko. "Abu ɗaya ne ƙarami ya hana, na rantse. Da zan san shi, wallahi gobe keken nan zai kwana a kasuwa, in nuna wa Zangon nan ko ni wane ne. Wash! A hankali mana." Ya juyo da ido ɗaya. "Ke da kike tsaye a bakin ƙofa, na ga bakinki yana motsi. Me kike cewa?"

Maganar tana nan a kan harshenta, gajeriya, ba ta fi numfashi ɗaya ba: a mayar da wayar wajen bango. Ta dube shi, ga tausayi. Ta dubi keken, ga zanen zinariyarsa yana ƙyalli a hasken fitila.

"Salati nake yi."

"Ba ki ga komai ba?"

"Na ga hayaƙi."

Ya yi tsaki ya mayar da kai. "Mata ke nan. A gabanku za a yi abu, ba ku gani."

Ta rufe kwalbar man, ta ɗauko shuɗiyar rigar aikin da ta wanke, wadda bel ya raba bayanta biyu. Ta zauna gaban keken ta daidaita yagewar a ƙarƙashin allura. A ranta ta riga ta gama shawara, ba wanda zai ji maganar nan daga bakinta: ba shi ba, ba Mma Zenabu ba, ba ma gwaggonta ta Salaga ba in ta zo. Ta kama hannun keken ta juya shi ta inda yake so, ya ɗauka sumul.